Awa Ɗaya a Motar da Ba Ta da Direba

Guéma, Parakou

Zuwa ga 'yata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a motar Kwatano kika buɗe ta, ko a cikin jirgi, ko sai kin sauka ƙasar Sin kin huta gajiya. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kai ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba mu san kowa ba. Na sa ta a aljihun jakarki kusa da fasfo, don na san nan ne hannunki zai riƙa zuwa.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kwana huɗu ina yinsa, kullum bayan azahar, a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro. Hannun da ya fara riƙe biro yana da shekara arba'in da ɗaya ba ya gudu.

Abu ɗaya ne ya zaunar da ni. Za ki tafi ke da babanki ba ku yi magana ba, ban da "ina kwana" da "lafiya lau", yau mako uku ke nan. Ke kina tsammanin fushi yake don za ki yi nisa. Ba haka ba ne, kuma rashin saninki laifina ne. Tsorona shi ne ku rabu a haka, shirun ya bushe a tsakaninku, shekara uku ta wuce ba wanda ya fara. Ku biyun kai ɗaya gare ku, ni na sani, da ku nake zaune.

Kin tuna ranar. Muna cin sakwara a tsakar gida kika ciro waya kika nuna mana motar da za ta riƙa kai ki aiki a can. Sitiyari na juya kansa, kujerar direba ba kowa. Kika ce daga masaukinku zuwa ma'aikatar da ake ƙera irinta awa ɗaya ce da safe, awa ɗaya da yamma. Kika ce, "Inna, awa biyu kyauta kullum. Mutane barci suke yi a ciki, wasu su karya kumallo, wasu su yi taro ta waya. Ni ordinatar, wato kwamfuta, zan buɗe, in ci rabin aikina kafin in isa." Sannan kika juya wajensa kina dariya, kika ce, "Baba, nan da 'yan shekaru har hanyar Djougou ba za a nemi direba ba." Ya wanke hannu ya tashi, ya bar namansa a kwano.

Zan zo kan dalilin tashinsa. Amma tunda zancen lokacin hanya ne, bari in faɗa miki yadda na yi da nawa. Na fi shekara talatin ina hawa da sauka tsakanin Parakou da Djougou, kuma yawancin kurakuraina a cikin mota na yi su.

Ina da shekara goma sha tara na fara bin gwaggona fatauci. Mu sayo man kaɗanya da cukwi a Djougou da ƙauyukan wajen Pélébina, inda aka haife ni, mu kawo Parakou, sau biyu a mako. Kin san taksin namu: mutum huɗu a baya, biyu a gaba, kayan da ke sama sun fi motar tsayi. Ni kuwa tun daga fitowarmu unguwar Albarika har mu shiga Djougou idona na kan kwalta. Ƙafata ta dama tana taka birkin da babu shi. In babbar mota ta taho sai in riƙe numfashi, in ta wuce in ce wa direba, "Dusuma, dusuma," wato a hankali. Har 'yan tasha suka sa min Madam Dusuma. Akwai waɗanda har yau ba su san sunana Hajara ba.

Direbobi suka riƙa gudun ɗaukata. Babanki ne kaɗai ya ce a ba ni kujerar gaba. Ƙa'idar tasha ce: wanda ya zauna gaba shi ne abokin hirar direba, aikinsa ya hana shi gyangyaɗi. Mai barci ba a ba shi gaba ko da alhaji ne. Abokinsa Garba Dogo, wanda kike ce wa Kawu, ya ce masa, "Kai da hankalinka za ka ɗauko rediyon da ba ta da makashi?" Babanki ya ce, "Wadda tsoro ba ya barinta ta rufe ido ai ita ake nema a gaba. Ku ci gaba da tauna goro, ni na huta."

A wannan kujera na san shi. A gida, kin gani da idonki, in ya yi magana goma a wuni an yi biki. Amma in ya riƙe sitiyari, idonsa na kan hanya, ba mai kallon fuskarsa, sai bakinsa ya buɗe. A hanya ya ba ni labarin rasuwar uwarsa yana ƙarami, da yadda ya taso daga wajen Dosso a bayan motar shanu. A kan gadar Bétérou ya tambaye ni gidan wa zai tura magabatansa, bai ko waiwayo ba, kamar mai tambayar ƙarfe nawa. Na gode wa Allah da tsoron da ya kai ni wannan kujera.

Sai dai tsoron bai san ya gama aikinsa ba. Shekara ashirin da biyu ina tuƙi da ido, ban taɓa kauce wa rami ko ɗaya ba. In sauka a Djougou wuyana ya ƙage, cinyata na ciwo, na fi direban gajiya. Mata a baya sun yi barcinsu, sun yi hirarsu, wata ta gama kitson 'yarta a kan cinya, ni ban ƙaru da komai ba sai sanin yawan ramuka.

Ba zan ɓoye miki ba, da na ga sitiyarin nan yana juya kansa, kwana uku abinci bai yi min daɗi ba. Na yi ta tunanin, to wa mutum zai ce wa dusuma? Saboda haka ga abin da nake so. Ranar farko ki tambaya, kada ki ji kunya: ina ake dannawa ta tsaya, wa ake kira in ta rikice, yaya ake buɗe ƙofa in wuta ta ɗauke. Ki ɗaura bel kowace rana, har ranar da kowa bai ɗaura ba. Ki yi addu'ar hawa. Daga nan ki ɗauke idonki daga hanya. Abin da yake hannunki kin yi shi, sauran na Allah ne, kuma kallonki ba zai ƙara wa motar ido ba. Ni sai da na yi furfura na gane haka. Ban ce na daina ba, amma na gane.

Kuskurena na biyu kunya ce. Akwai wata Madam Zainabu, mutuniyar Nijar, tana koyarwa a wata lekwal, makarantar boko, a Djougou, iyalinta kuma suna Parakou. Duk Litinin tare muke matsuwa a gaba, ita a tsakiya ni a bakin ƙofa. Ba ta rabuwa da littafi. Shekara biyu tana ce min, "Hajara, awa biyu muke zaune a nan ba ma komai, bari in nuna miki baƙaƙe." Ni kuma in ce, "Madam, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ta ce, "Wa ya ce tanƙwara ki zan yi? Busasshen icce ai shi ya fi kama wuta." In yi dariya in maida ido kan kwalta. Gaskiyar maganar, ba na son mutanen baya su ji uwar 'ya'ya huɗu tana "a, ba, ca" kamar 'yar shekara shida.

Babanki ne ya raba gardamar. Wata Litinin na taka birkina da ƙarfi har takalmina ya tsinke. Ya ce, "Madam, don girman Allah ki ba ta wani abu ta kalla. Ƙafar nan tata za ta huda min mota." Mota duka aka kwashe da dariya. Haushi ya sa na fizgi littafin daga hannunta.

Abin da na ji tsoro kuwa ya faru, mutanen baya sun ji. Amma ba wanda ya raina ni. Wani Alhaji Mamman, dillalin shanu, wanda shi kansa bai iya karatu ba, shi ya fi kowa gyara min. In Madam ta ce, "Wannan wane baƙi ne?" kafin in buɗe baki sai ya ce daga baya, "Wannan ai ƙahon bijimi ne, ko makaho ya gani." Madam ta ce, "Alhaji, ko ka matso gaba ka zauna a aji, ko ka bar mana ɗalibarmu." Ya ce shi sufeto ne, daga baya yake duba aiki.

Bayan wata biyar muna bin wata babbar mota ta Nijar, na ga rubutu ja a bayanta. Na yi ta haɗawa a zuci har ya fito, na ce da ƙarfi, "Haƙuri." Babanki bai juyo ba, ya ce, "To, ki yi." Amma na ga gefen bakinsa. Da muka isa ya saya wa Madam zabi biyu.

Wannan takarda da kike karantawa a hanyar Djougou aka haife ta. Duk lokacin da na karanta sunan magani da kaina, ko na ga saƙonki a waya ban nemi mai karanta min ba, sai na yi wa Madam Zainabu addu'a. Saboda haka kin yi gaskiya da kika ce awa biyun nan dukiya ce. Ni shaida ce. Abin da zan ƙara miki shi ne, tawa dukiyar ta hannun wadda ke zaune kusa da ni ta zo. Kin ce wani lokaci ku huɗu za ku riƙa shiga motar, 'yan ma'aikata ɗaya. A motarmu direba ne ke buɗe hira, ya tsokani wannan, ya tambayi wancan ina aka kwana da maganar gonarsa. A taku ba mai yin wannan, kowa zai sunkuya kan wayarsa ku yi shekara ba ku san sunan juna ba. To ke ki fara. Ki gaishe su da harshensu ko da a karkace ne. In sun yi dariya ki taya su, ki ce su gyara miki. Shekara biyu kunya ta cinye min, kada ta ci miki ko mako.

Yanzu na zo kan wanda ya fi nauyi, kuma a nan ne nake so ki rage gudun karatu.

Da na iya rubutu, na kuma sami waya, sai kujerar gaba ta zama ofishina. Madam ta yi ritaya ta koma gida. Ni kuma daga Albarika sai in sunkuyar da kai. Wannan na son ƙwarya uku ta man kaɗanya, waccan ta ce cukwin ranar Alhamis ya yi tsami, matan Pélébina na tambaya a ina za su tare mu da kaya. Kafin mu isa na gama tsara kasuwar wunin. Na riƙa jin daɗin kaina, ina cewa yanzu ne na san amfanin hanya. Babanki na magana, ni ina "uhm, uhm". Na ci gaba da zama a kujerar abokin hira, amma na daina aikin kujerar, kuma ba wanda ya isa ya tashe ni tunda matar direba ce.

Bara babanki ya fito da wani sabon abu. In muka doshi gari sai ya ce, "Hajara, ɗaga kai. Da zarar kin hango allon can kin iya karanta shi, ki faɗa min." In ɗaga kai in karanta da ƙarfi don na baya su ji, in koma kan wayata. Na ɗauka alfahari yake da ni a gaban fasinja. Har na faɗa wa matar Garba Dogo, na ce, "Mutumin nan tsufa ya sa ya fara nuna ni." Ban tsaya na tambayi kaina ba: mutumin da ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa, me zai yi da allo? Ashe awo yake yi. Yana so ya san a ina nake hango abu, a ina shi yake hango shi.

Sannan ya fara cewa, "Duba min dama," a mahaɗar da bai taɓa neman taimako ba. Wata rana ya ce, "Rana ta yi wani iri kwanan nan, kamar an rage mata fitila." Na ji maganar sarai. Na ce "uhm", don ina tsakiyar rubuta wa wata mata cewa kayanta na tafe. Babanki ba zai taɓa zama a tsakar gida ya dube ni ya ce idona na mutuwa ba. A mota kaɗai yake iya faɗa, kuma ya faɗa, ta hanyar da ya iya, kusan shekara guda.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, mun wuce Partago kaɗan. Kaina na ƙasa. Sai na ji wata mata a baya ta yi salati, mota ta yi ƙara, goshina ya bugi gilashi. Garken shanu ne ya fito daga dama yana tsallakawa. Mun bugi wata karsana a cinya, motar ta sauka gefe ta tsaya cikin ciyawa. Allah Ya rufa asiri, ba wanda ya ji ciwo sai ƙulun da ya fito min a goshi, karsanar ma ta tashi tana ɗingishi. Makiyayin, wani dattijon Bafillace, ya zo bakin taga, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, tun daga can nake ɗaga maka sanda."

Babanki na riƙe da sitiyari da hannu biyu. Sannan a hankali ya ce, "Ban gan su ba, Hajara. Ko ɗaya ban gani ba."

Ni ce a dama, Balkisu. Ta tagata suka fito. Da a shekarun da nake taka birkin banza ne, da tun daga nesa na cika motar da ihu.

Garba Dogo na bayanmu da tasa motar. Babanki ya fita ya ba makiyayin haƙuri, ya miƙa wa Garba makulli ya ce ya nemo wanda zai ƙarasa da mutane. Daga ranar bai sake zama a bayan sitiyari ba, kuma ba wanda ya hana shi, shi ya hana kansa. Likitan ido ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, amma da maganin ɗigawa za a tare saura. Ya tambaye shi tun yaushe ya fara lura. Babanki ya ce ya kusa shekara. Likitan ya dube ni ya ce, "Madam, ke ba ki ga alama ba?"

Kullum ina gode wa Allah da Ya sa saniya ce ba ɗan mutum ba, Ya sa kuma da sauran gani a tsakiya, yana ganin fuskokinmu, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Amma da kika ce za ki buɗe ordinatar ki ci rabin aikinki a hanya, kaina na gani. Aiki kamar ruwa yake, duk ƙwaryar da kika tara masa sai ya cika ta. In shugabanninki na wajen aiki suka gane motar ta zama ofis, za su riƙa turo miki aiki tun kina ɗaura takalmi, su bi ki da shi har ƙofar ɗaki, ki rasa lokacin da za ki ce na tashi. Da can hanya ita ce ke raba mutum da wajen aikinsa. Direba dole ya kalli titi, ba mai cewa ya yi wani abu. Yanzu da aka 'yanta muku hannu da ido, kowa zai zo yana neman rabonsa a ciki. Ban hana ki ba. Awar safe ki ba aiki in kina so, kanki na da sanyi a lokacin. Ta yamma kuwa ki rufe ordinatar ki sa a jaka, ina da abin da za a yi da wannan awar.

Kafin nan, kuskure na ƙarshe, wanda ya shafe ki kai tsaye. Lokacin da wannan ya faru kina jami'a a Calavi kina shirin jarrabawar ƙarshe. Na ce kada kowa ya faɗa miki, hankalinki zai rabu biyu. Na ce miki babanki hutawa yake, ya ba da motar haya. Shi ma ya yarda da sauri, don ba ya son a ji tausayinsa. Da kika dawo kika ga kwalbar magani, na ce ƙaiƙayi ne. A cikin gida ba za ki gane ba, ya san inda kowace randa take. Na yi ta cewa gobe zan faɗa miki, sai takardar tafiyarki ta zo, na ce to bari murna ta lafa.

Haka aka yi har kika dubi mutumin da wata biyu ke nan da ajiye makullinsa, kika ce masa nan gaba ba za a nemi direba ba. Ke wasa kike da babanki kamar yadda kika saba. Ni da na san komai ina zaune da loma a baki, ban ce uffan ba. Ki yafe min. Na ɓoye don in tsare ki, sai na sa kika taka inda da kin sani ba za ki taka ba. Kada ki yi mana irin wannan daga can. In ba ki da lafiya ki faɗa, in aiki ya ƙi ki faɗa, in kewa ta dame ki ki faɗa. Na san halina, zan tashi hankali, zan kira ki sau bakwai. Ki bar ni in tashi hankalin, ya fi a bar ni cikin duhu.

Kuma ki sani ba fushi yake da aikinki ba. Matar Garba Dogo ta faɗa min abin da ya ce a tasha, ranar da ya je gaishe su. Ana tsokanarsa, wani ya ce, "Ga uban wadda za ta kore mu daga aiki." Ya ce, "'Yata za ta je inda ake ƙera mota mai ido gaba da baya da gefe. Da irinta gare ni, da na ga shanun nan." A gida bai faɗa ba, kuma ba zai faɗa ba. Kunyarki yake ji, ke kuma kina jin tsoronsa, ga shi kun zauna kowa na jiran kowa.

To ga roƙona. Kin ce min tsakaninmu da ku awa bakwai ne. Na ƙirga a yatsu, na sake ƙirgawa, na kuma sa maƙwabcinmu mai gyaran waya ya duba min. Ƙarfe shida na yammarku, lokacin da za ki shiga motar dawowa, shi ne sha ɗaya na safiyarmu. A wannan lokaci babanki na zaune a kan benci a ƙofar gida, fuskarsa na kallon titi, yana sauraron injina. In mota ta wuce sai ya ce, shi kaɗai, "Wannan tana shan mai," ko "Wannan yaron bai iya sauya giya ba." Lokacin da ya saba shiga Djougou ke nan. Shi ne mafi tsawo a wuninsa.

Ki kira shi a wannan awa. Kada ki yi kiran da ake ganin fuska, in ana kallonsa ba ya magana. Kada ki fara da ban haƙuri, kada ki ce ya jiki, zai ce lafiya lau ya miƙo min wayar. Ki fara da hanya. Ki ce, "Baba, mun fito, ga babbar mota a hagunmu, ga gada a gaba, ga shi ta rage gudu da kanta." Zai ce ta yi saurin taka birki. Zai ce duk wanda ya koya mata kwana bai taɓa ɗaukar mai ciki ba. Ki bar shi ya kushe, kushen nan shi ne hirarsa. Ki tambaye shi yadda shi zai yi, kuma ki saurara da gaske, don abin da ya sani game da hanya ba a rubuce yake a ko'ina ba, wataƙila ma ya yi miki amfani a wajen aikin. Sauran maganar, ta ido da ta ranar sakwara, za ta fito da kanta wata rana a tsakiyar zancen taya ko na ruwan sama. In ta fito kada ki ce "uhm".

Ba na cewa kullum. Sau biyu ko uku a mako ya isa, amma na farkon kada ya wuce makon da kika sauka, tun abin bai yi tauri ba. Ni ba zan karɓi wayar ba, na yi alkawari, ko da hannuna na ƙaiƙayi. Nawa kiran ki bar shi ranar Juma'a.

Sauran ƙananan abubuwa. Ki san lokutan salla na garin tun ranar farko, kada la'asar ta riƙa kuɓuce miki a hanya. Wata ranar hutu ki taka unguwarku da ƙafa, ki san hanyar gida da kanki, saboda ranar da motar za ta ƙi. Rigar sanyin da ke ƙasan akwati ki sa ta ko da ba ta yi miki kyau ba. Kada ki mai da mota wajen cin abincinki na kullum, ki zauna ki ci kamar mutum. Kuka da daddawar na ɗaure su leda uku, in sun tambaya a filin jirgi ki ce miya ce.

Na ɗauka na gama a nan, sai ga wani abu yau. Ina cikin rubutu babanki ya shigo daga masallaci, ya tsaya a kaina. Ya ce, "Kwana huɗu kina cin biro. Littafi kike wallafawa?" Na ce wasiƙa ce. Bai tambayi ta wa ba. Ya juya kamar zai shiga ɗaki, ya tsaya yana kallon katanga, ya ce, "In da sauran wuri a takardar, ki tambaye ta. In tsohuwa ta tsaya a bakin hanya da kaya a ka, ba a tasha ba, ta ɗaga hannu, motar tasu ta san ta tsaya?"

Na ce, "In ta rubuto amsa zan karanta maka."

Ya ce, "Wa ya ce ta rubuto? Ba ta da baki ne?"

To kin ji. Na rubuta yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ki binciko amsar kafin ki kira, kin san ba ya son kame-kame.

Allah Ya yi miki albarka, Balkisu. Na gode Masa da Ya ba ni ke, Ya nuna min ranar da 'yar mai man kaɗanya da direban taksi za ta tsallaka duniya da iliminta. Allah Ya tsare ki a sama da ƙasa, a motar da ke da direba da wadda ba ta da shi. Ya kare ki daga ciwo da mugun abokin tafiya, Ya sa ki gama lafiya, Ya dawo mana da ke muna raye, babanki na ganinki da idonsa. Yayyenki da matansu suna gaishe ki. Na bar ki a hannun Wanda ba Ya barci.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara